Bakano da Banza, Ga Akwatinka Ya Cika

Kai Bakano, bawana, an ce Gmail ta gargaɗe ka cewa wuri ya kusa ƙarewa, kana ta salati wai maƙiya sun sa ka a gaba. Waɗanne maƙiya? Kai da ko a mafarki aka ce "rangwame" sai ka miƙa adireshin imel ɗinka kafin a rufe baki. Kantin takalma, gasar cin waya, manhajar ba da bashi, duk ka yi rajista. In dai kyauta ne, ko zazzaɓi ake rabo sai ka ce a ƙara maka na yara.

Gigabait 15 Google ta ba ka, kuma hotunanka da kayan Drive duk a ciki suke ci. Na san ko sisi ba za ka fitar ka sayi ƙari ba. To zauna, Bazazzagi zai karantar da kai, ba kuɗin makaranta.

Akwai kamfanonin da kai ka kai kanka. Waɗannan da sauƙi: a saman saƙon, kusa da sunan mai aikowa, za ka ga Unsubscribe, danna. Tun 2024 Google ta wajabta wa duk mai tura saƙon talla 5,000 a rana ya sa hanyar fita ta dannawa ɗaya, ya kuma cire mutum cikin kwana biyu.

Sai manyan baƙinka: matar da mijinta ya mutu ya bar miliyoyin daloli, da "banki" mai neman BVN ɗinka cikin gaggawa. An ce har ka amsa wa matar kana tambayar nawa ne la'adarka. Ban yarda ba, Alhaji, na kare ka. Amma da aka ce ka nemi ta ƙara kaso, sai na yi shiru. Irin waɗannan ba a amsa musu, ko da zagi, ba a kuma taɓa mahaɗin da ke cikin saƙon, har wanda suka rubuta wai na fita ne. Kana taɓawa ka shaida musu adireshin na da rai, sai su sayar wa na gaba. Danna Report spam kawai. Gmail za ta gane irinsu, ta riƙa tura su ma'ajiyar shara, bayan kwana 30 su goge da kansu. Don Allah kar ka bi su can kana tsince-tsince kamar ɗan gwangwan.

Tunda ba za ka daina bin garaɓasa ba, buɗe adireshi na biyu na kwaɗayi zalla. Ko kuma ka ƙara +kanti bayan sunanka, kafin alamar @. Saƙon zai iso maka, kuma ranar da tarkace suka fara zuwa ta nan, ka san wanda ya sayar da kai, kai ɗan Kwari mai tinƙahon ba a taɓa cin ribarka ba.

Ina nan tafe Kano, ka tanadar min gurasa. Da kuɗinka fa, kar ka kai ni gidan biki.