Jirgin da ke sauka kafin Kawu ya gama gaisuwa

Kirkwall, Orkney

Yaya,

Lafiyata ƙalau, aikin jinya na tafiya, kuɗin Inna na tura, zancen filin Bulumkutu sai mun yi waya. Maza ki kira Goggo kusa, labarin nan nata ne.

Yaya, mutanen tsibiran nan na arewacin Sukotland jirgin sama suke hawa su je maƙwabta! Tsakanin Westray da Papa Westray kilomita 2.7 ne, kina tsaye a wannan filin jirgin kina hango wancan. Kamar a ɗauke ki a Kasuwar Monday a dire ki a Tashar Baga. Kamfanin Loganair ke jigilar tun 1967, da ɗan jirgi mai cin fasinja 8. Minti ɗaya da rabi ne a ƙa'ida, amma wani matuƙi, Stuart Linklater, ya taɓa yin ta a daƙiƙa 53. Duk duniya babu jigilar jirgin fasinja da ta kai ta gajarta.

Da aiki ya kai ni, matuƙin da kansa ya waiwayo ya yi mana bayanin ɗamara. Wallahi bayanin ya fi tafiyar tsawo. Wata tsohuwa a gefena ta buɗe jaka neman tabarau, kafin ta lalubo shi mun iso.

Na ce ina ma Goggo! Ita da in za ta Damaturu sai ta yafe wa kowa, ta raba tukwanenta, ta ƙulle dambun nama na sati guda. A nan ko bakin ƙullin ba za ta kwance ba. Kawu kuwa, in ya fara "ya gida, ya iyali, ya zafi" a Westray, sai jirgin ya je ya dawo sau uku bai iso kan lafiyar awaki ba. Auta mai amai a Keke Napep ya samu abin hawansa, cikinsa ba zai ma san an tashi ba.

Kada ku ce gata ne ya yi musu yawa. Mutanen Papa Westray ba su kai 100 ba, kuma in teku ta tashi kwale-kwale wahala ne. Malaman makaranta da mu ma'aikatan lafiya da shi muke isa. Ni ɗin nan, 'yar Gwange, har gida suke jirana da shayi.

Sai dai ni nawa gidan jirgi huɗu ne ko biyar, da kwanan hanya, kafin in ga Maiduguri. A Disamba nan ƙarfe uku da 'yan mintuna rana ta faɗi, kuma babu mai leƙowa ya ce "wushe".

Ki haɗo min turaren wuta, humra da bandar Baga. Ki ce wa Goggo na kama mata kujerar taga, ta fara yafiyar tun yanzu. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki