Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Rediyon Motata



Bayan gaisuwa irin ta abokan tafiya, da fatan ƙurar hanya ba ta gama toshe maka maƙogwaro ba. Na san za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da gwiwarsa ke gogar ka kullum. To, na sha yi maka magana baki da baki, har da ɗan mari a ƙeya, ba ka ji ba. Shi ya sa na ce bari in sa a rubuce, ko don gobe.

Ka san sana'ata, tunda tare muke yin ta: kai maganin dabbobi kasuwa-kasuwa. Alhamis muna Maigatari, Juma'a muna Wudil. Ran da aka ce doguwar ce kuwa, sai mu ɗauki hanyar Maiduguri, kusan kilomita 600, ta Shuwarin da Azare da Potiskum da Damaturu. Ni da kai ne kawai a gaba, katan-katan a baya. Yarjejeniyarmu kuma ba ta da wuya: ni in riƙe sitiyari, kai ka riƙe ni da hira.

A cikin gari ba ni da abin cewa, bakinka ba ya gajiya. Ga sojojin baka suna ta yi wa juna wankin babban bargo, ga mai maganin basir, ga mai gaida dangi tun daga kaka har jinjiri. Amma da mun haye gadar Wudil sai muryarka ta fara rawa. Kaɗan muka ƙara gaba sai ka koma “shiii”, kamar ana suyar ƙosai. In mun doshi wani gari ka ɗan farfaɗo, mu wuce ka sake suma. Na kai ƙararka wurin mai gyara, ya ce ba laifinka ba ne, wai haka FM yake, ba ya dogon zango. Na ce to ai kakanka, akwatin babana mai gajeren zango, daga Landan yake ɗauko magana ya dire ta a zaurenmu, kuma tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke wannan aikin. Kai ga ka ɗan zamani, amma ɗan dajin da ke tsakanin gari da gari ya fi ƙarfinka.

Kada ka ce ban nemi mafita ba. Na cusa maka memori, mun sha Shata, mun sha kuntigin Ɗan Maraya, har na san inda kowane ɗan amshi ke jan numfashi. Na ci goro har haƙorana sun yi ja. Na sha rake, na ƙirga tireloli, na karance hikimomin da ke bayan manyan motoci. Duk da haka akwai sa'ar da ba ta jin magani: bayan azahar, tsakanin Azare da Potiskum, ciki ya ɗauki shinkafa da wake, rana ta take, kawalwalniya na ƙyalli a kan kwalta. A nan ne wata rana gyangyaɗi ya sace ni. Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta farkar da ni, motar ta riga ta fara sauka gefe. Kai kuwa a lokacin kana ta suyar ƙosanka, ko “kai!” ba ka ce mini ba.

Na tsaya na wanke fuska, na koma hanya jikina na ɓari. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina yana ba da labari, da wata murya da ba tawa ba. Muryar Malaminmu na aji huɗu ce.

Bari in ba ka labarinsa, ko ka koyi aiki. Duk ranar Alhamis, darasin ƙarshe, Malam zai ajiye alli ya kakkaɓe hannu, ya zaro Magana Jari Ce daga aljihun babbar riga. Bangon littafin ya daɗe da tafiya, an yi masa sabo da takardar buhun siminti. Zai lashi yatsa ya buɗe, ya dube mu ta saman tabarau har sai ajin ya yi tsit. In sarki zai yi magana, Malam ya buɗe ƙirji ya yi ƙasa da murya. In Waziri ne, ya ƙanƙance ido ya riƙa jan magana kamar mai auna gishiri. In kuwa aku ne, ya karkace wuya ya maƙe hanci, mu yi ta dariya har da masu faɗowa daga benci. Muguntarsa ɗaya: daidai inda labari ya yi daɗi yake rufe littafi, tun kafin a buga ƙarfen tashi, ya ce sai wani makon. Haka muka sha Kalala da Kalalatu, haka muka bi Malam Zurƙe cikin wani littafin, Ruwan Bagaja, guntu-guntu kamar rabon alewa.

Sai a kan hanyar nan na gane abin da marubucin Magana Jari Ce, Abubakar Imam, ya shirya tun 1937. Aikin akun nan fa ba nishaɗi kawai ba ne. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na son fita ya bi sahu, Waziri kuma ya ɗana masa tarko a waje. Aku ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Labari kawai yake jerowa yana riƙe yaro da shi har gari ya waye. Wato dai labari gadi ne. Aikin da na ɗauke ka ka yi ke nan, kai da ke da eriya da lasifika huɗu, ga shi tsuntsun cikin littafi ya fi ka iyawa.

Tun daga ranar, in ka yi shiru sai in buɗe aji. Inda na manta in yi ciko da nawa, ba mai kama ni. Sau ɗaya dai abin ya so ya ja mini. Na iso wani shingen bincike ina tsakiyar muryar aku, wuya a karkace, gilashi a sauke. Jami'in ya leƙo ya ga ba kowa, ya ce, “Alhaji, kai da wa?” Na ce ni da Malam. Ya dubi kujerar da ba kowa, ya dube ni, ya sa na buɗe katan-katan ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda na sha a ciki.

Da Sallar da ta wuce na je gaida Malam, da niyyar in ɗauki karatunsa a waya in kawo maka ka riƙa sa mini. Na tarar ido ya yi rauni, tabarau ma ya daina taimako. Ya sa aka ɗauko littafin, yana nan da rigarsa ta siminti, ya miƙo mini ya ce, “Yau kai za ka biya bashi.” Na gyara zama na fara. Ban yi layi biyar ba ya ɗaga hannu: “A'a, ɗana. Wa ke korar ka? Mai karatu ba direba ba ne. Kuma aku ba ya magana da cikakken baki.” Muka yi ta yi har la'asar. Da na zo inda labari ya yi daɗi sai na rufe littafin, na ce sai wata Sallar. Ya yi dariya har da tari, ya ce Allah ya shirye ni.

Saboda haka ga hukuncin da na yanke. Ban kore ka ba, don sabo ake yi wa kuka, kuma wanda zai saye ka ma sai an tona. Amma na rage maka matsayi. Labaran safe naka ne, haka sanarwar ganin wata da sakamakon ƙwallo. Daga gadar Wudil zuwa gaba kuwa, aji na Malam ne. Abin da nake roƙo kawai, in an fara karatu ka daina suyar nan. A ajinmu, mai surutu gaban allo yake zuwa ya durƙusa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Mai murɗa maka kunne kullum.