Taɓaryar Gidanmu Ta Fi Ni Tafiya

Autana na da shekara uku da 'yan watanni, kuma gwame gare shi. In ya tsaya gwiwoyinsa na gaisawa, idon sawu kuwa kowanne ya kama gabansa. Mama ta ce in bar yaro, zai miƙe. Ni da na yi boko ina zan tsaya jin maganar tsohuwa?

A waya na ga yadda asibitocin Turai ke auna tafiyar yara, musamman masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke sandarar da gaɓoɓi. Wasu 'yan na'urori ne kamar kwalin ashana, a ɗaura a ƙwauri da bayan ƙafa da ƙugu. Wani abu a ciki yana jin fizgar jiki, wani yana jin juyawarsa, sai kwamfuta ta fitar da tsawon taku, da daɗewar ƙafa a ƙasa, da ko hagu na biye da dama. Irin wannan dai ba a sayar da ita a unguwarmu ta Television. Abin da na samu a bakin gareji, hannun wani mai yawo da caja, agogo ne mai ƙirga taku. Ya rantse mini har bugun zuciya yana ji. Na biya ban ko yi ciniki ba.

Madaurin ya yi wa ƙafar yaron yawa, na ƙara da kyauro. Na sayi littafi mai layi arba'in, na ja layuka da rula, na rubuta "Bincike" a bango. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ɗan kaza ne da za ka sa masa alama?" Ban kula ta ba.

Da farko lambar ba ta taka kara ta karya ba. Sai na kafa doka: duk ranar da aka cika 10,000 akwai biskit. Wannan adadi ma asalinsa talla ne, kamfanin Yamasa na Japan ya fito da shi a 1965 don sayar da na'urarsa ga manya. Ni kuwa na ɗora wa mai shekara uku.

Washegari sai ga 40,000 da ɗoriya. Na kai labari wurin mai shayi, na ce ɗana ko sojan NDA albarka. Har wani ya nemi in ara masa agogon.

Da littafi ya yi nauyi na ɗauki yaro muka hau keke sai wurin likitar ƙashi. Ta duba shafi ɗaya, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, in lissafin nan daidai ne, kullum yaronka sai ya taka daga Television zuwa Kawo."

Ta ture littafin. Ta cire masa takalmi, ta sa ya yi tafiya a baranda ya dawo, ta haɗa gwiwoyinsa ta auna tsakanin idon sawu da tef ɗin tela. Ta ce gwame a shekara uku zuwa huɗu abu ne da aka saba gani, yawanci kafin bakwai ya daidaita. Abin da ke tayar mata da hankali shi ne ƙafa ɗaya kawai ta karkace, ko ciwo, ko ɗingishi, ko kumburin wuyan hannu. Ta latsa nasa, lafiya lau. Wannan kumburin alamar laushin ƙashi ne, wanda binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna a ƙasar nan ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ke yawan jawo shi, duk da ranar da muke sha.

Sannan ta durƙusa. "Ɗan Baba, wa ke yin tafiyar nan?"

"Taɓarya."

Ashe yayarsa ce ke kwance agogon da zarar na fita aiki, ta ɗaura wa taɓarya in ana dakan yaji, kowane bugu taku ɗaya, biskit kuma a raba biyu. Uwargida ta sani. Mama ma ta sani, ita ke tuna musu su mayar kafin in dawo. Ramukan hanyar zuwa asibitin kaɗai sun ƙara masa ɗaruruwa yana barci a cinyata.

Agogon yanzu yana hannuna. Mai son aro ya same ni wurin mai shayi, kyauta ne, amma har yau ban cika 10,000 ba.