RAM Mai Gudu da RAM Mai Jan Ƙafa a Inji Ɗaya

Mu da ke hulɗa da shagunan buga takardu daga Anka zuwa Gummi, har a ratsa Bukkuyum, mun san irin kwamfutar da ke ci da gidaje a nan: tsohuwar Dell ko HP tokumbo, wadda ta gama aikin ofis a Turai aka yi mata ritaya, mu kuma muka ɗauke ta sabon aiki. Ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, yara sun yi layi har bakin titi, janareto na shan fetur, ita kuwa baiwar Allah sai ta yi dogon tunani kafin ta buɗe shafi ɗaya. Maganin da kowa ke bayarwa shi ne a ƙara RAM. Sai mai shago ya damƙa wa direban Gusau kuɗi, ko ya aika Kano, da umarni guda: a sayo mai ƙarfi. Kaya ya iso an rubuta 1600 a jikinsa, na cikin injin kuwa 1333 ne. Aka cusa, aka kunna, aka duba, kwamfuta ta ce dukansu 1333 suke tafiya. Daga nan sai zage-zage: mai kaya ɗan damfara ne, direba ya ci canji, wani ma har ya fara kallon maƙwabcin shagonsa da zargin sa hannu. Ni dai matsayina shi ne babu wanda aka cuta, kuma masu gyaran da ke cewa haɗa RAM mai gudu daban-daban haramun ne, sun tsaurara fatawa fiye da kima.

Kowane falle na RAM yana ɗauke da wani ɗan ƙanƙanin guntu da ake kira SPD, inda aka rubuta irin gudun da zai iya, bisa ƙa'idar da ƙungiyar JEDEC ta shimfiɗa wa masana'antu. Da an danna makunni, bod ɗin injin zai karanta na kowa, ya zaɓi gudun da dukansu za su jure. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa ɗan bijimi mai zafin jini da tsohon sa garma ɗaya ya san yadda huɗar ke kasancewa: da takun tsohon za a tafi, ɗan bijimin sai dai ya yi ta huci. Gonar kuma za ta huɗu. Asarar nawa ce? Amsar na manne a jikin kayan. Mai 1333 an rubuta masa PC3-10600, mai 1600 kuma PC3-12800, wato a takarda, ɗaya na kwasar megabayit wajen 10,600 a daƙiƙa, ɗayan 12,800. Bambancin wajen kashi 20 cikin ɗari ne kawai, kuma mai buga takardar gayyatar biki ba zai taɓa jin sa a yatsunsa ba. Abin dariyar ma shi ne, furosesa irin Core i3 da i5 zubi na biyu, waɗanda suka fito a 2011 kuma suka cika shagunanmu, iyakarsu a ƙa'ida 1333 ce. Ko da mutum ya fusata ya jefar da tsohon ya sayo 1600 guda biyu, a yawancin waɗannan injinan ofis 1333 ɗin dai zai sake gani, ga kuɗin mota ya tafi.

Abin da ke sa injin nan nawa shi ne ƙarancin wuri. Idan giga 4 ta cika da Windows da Chrome da Word, sai kwamfuta ta koma ajiye abin da ya rage a faifan ajiya mai juyawa, wanda gudunsa bai wuce megabayit ɗari da 'yan kai ba. Tsakanin 10,600 da ɗari da wani abu ne ramin yake. Don haka giga 8 mai jan ƙafa ta fi giga 4 mai tsere nesa ba kusa ba, kuma wanda ya ƙi ƙara falle na biyu wai don lambarsu ba ta zo ɗaya ba, ya zaɓi layin yara ya ci gaba da tsawo.

Masu gyara za su ce sun ga inji ya ƙi tashi bayan an haɗa, yana ta kukan tit-tit, allo baƙi ƙirin. Gaskiya ne, ba na musu. Amma a bincika a ga mai laifin. Sau da yawa zubi ne ya bambanta: DDR2 da DDR3 na tebur duk haƙora 240 gare su, sai dai tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba, DDR4 kuwa 288 ne. An yi tsagar ne musamman don a hana mu, amma akwai ƙarfafan da ke ɗaukar hani a matsayin ƙalubale, su danna da babban yatsa har gurbin ya ce ƙas, garin neman gira a rasa ido. Wani lokacin wuta ce: DDR3 na cin bolt 1.5, DDR3L kuma 1.35, kuma akwai injinan wajen 2015 da ba sa karɓar na farkon. Wani lokacin kuma araha ce ta ja mutum. Falle mai harafin R a ƙarshen lambarsa, kamar PC3-10600R, na manyan kwamfutocin sabar kamfanoni ne, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi, injin tebur kuwa mai U yake nema. Ga kuma ƙurar hunturu da ke kwanciya a gurbi, wadda sau tari goge haƙoran da magogin fensir ke kawar da ita. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba laifin 1333 da 1600 ba ne.

Inda zan ba su gaskiya shi ne, akan samu falle biyu da jininsu bai haɗu ba duk da komai ya yi daidai a takarda, musamman a tsofaffin bod masu tsirfa, inji ya tashi lafiya sannan ya riƙa faɗuwa tsakiyar aiki. Shi ya sa kamfanoni ke sayar da su tagwaye, kuma mai haɗa injin wasanni ko tace bidiyo yana da dalilin neman tagwayen. Mai shago a garin Ɗaki Takwas kuwa gwaji ya ishe shi: Windows na da nata ma'aunin lafiyar RAM, akwai kuma MemTest86. A bar shi ya zagaya, in fetur ya ba da dama, in babu kuskure a ci gaba da sana'a. Kafin a aika direba kuma, a ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin tsohon a tura wa mai kaya, a daina cewa mai ƙarfi.

Saura tarko ɗaya da ke jiran wanda ya tsallake duk waɗannan. Ya dace da zubi, ya dace da wuta, inji ya tashi, ya shiga dubawa yana murmushi, sai ya tarar an rubuta giga 8 aka saka amma uku da 'yan kai ne ke aiki, domin Windows ɗin da aka ɗora masa tun farko mai bit 32 ce, wadda ba ta iya amfani da abin da ya haura giga 4. Sai a kwashe takardun mutane a filashi, a sake ɗora mai bit 64, yaran da ke layi kuma a ba su haƙuri su dawo gobe.