Yadda Za Ka Ƙunshe Kyautar Sallah Ba Ka Toshe Kwata Ba

A 1917, ana tsakiyar cinikin Kirsimeti, takardar ƙunshi ta ƙare wa 'yan'uwan nan masu kamfanin Hallmark a birnin Kansas na Amurka. Sai suka ɗauko takardu masu ado da ake liƙawa a cikin ambulan suka kasa, jama'a kuwa suka wawashe. Tun daga nan mutane suka koyi zuba kuɗi a kan abin da yaro zai yage kafin a gama gaisawa. Mu ma muka ɗauka, muka haɗa da baƙar leda, wadda da damina take kwana a magudanar ruwa, da rani kuma a tumbin akuya.

In an kawo maka takarda mai ƙyalli, dunƙule ta a hannu. Idan ta zauna a dunƙule, ana iya sake sarrafa ta. Idan ta miƙe tana walƙiya, akwai roba a jikinta, bola ce makomarta.

Saboda haka nemi ɗankwali. Japanawa sun daɗe suna ƙunshe kaya da ƙyalle mai kusurwa huɗu da suke kira furoshiki, har a 2006 ministar muhallinsu, Yuriko Koike, ta fito tana tallata shi don a rage leda. Kakarka kuwa ta ƙare rayuwarta tana ƙulle goro da kuɗin adashi a haɓar zani, ba wanda ya ɗauki hotonta. Sa kyautar a tsakiya, haɗa kusurwa biyu ka ƙulle, ka haɗa sauran biyun. Sharaɗi ɗaya: kada ya zama ɗankwalin uwargida ne ka ɗauka ba ta sani ba, don ranar hawa za ta gan shi a kan ƙanwarka, kuma kai za ka yi bayani. In babu ɗankwali, leƙa shagon tela daren Sallah ka roƙi ƙyalle. Zai ba ka da sauri, tunda ko yanka shaddarka bai yi ba.

Tsohuwar jarida ma tana yi, mai tsire shaida ne. Amma karanta shafin tukuna. Kada ka naɗe wa surukinka hula da sanarwar rasuwa, ko da hoton ɗan takarar da ya kayar da nasa. Shafin da ke ɗauke da aya ko sunan Allah kuwa, wannan ba wasa, ajiye shi gefe.

Ganye? Fatake sun yi ta kawo goro daga Gwanja a cikin huhu, ya iso Kano da ɗanyantakarsa. Wayar salula dai ba goro ba ce.

Ni a ganina babu kamar kwano. Kunya ba ta barin a dawo da shi wayam: ka aika da cincin, ya dawo da dambun nama, ɗan aike ya samu tukuici, kowa ya ci riba. Matsalarsa murfi, wanda ke da halin yin zamansa a gidan mutane har babbar Sallah. Sa uwargida ta rubuta sunanta da jan farce a gindin kwanon, ta kuma rubuta a murfin.