Dillalin da Ba Shi da La'ada

Mutanen Gwarzo da suka san ni suna ɗauka ni mayen ƙwallo ne, kuma na bar su a haka, domin gaskiyar ta fi wannan muni. Ƙwallon kanta ba ta dame ni ba. In aka take wasa a gidan kallo, kafin a tafi hutun rabin lokaci na fara hamma ina tunanin kuɗin shigar da na biya. Abin da ke ɗauke mini hankali shi ne cinikin 'yan wasa: wane za a saya, nawa aka taya, wa ya ce albarka, wa ya yi fushi ya ƙi zuwa atisaye, jirgin wa ya sauka a wane gari don gwajin lafiya. Ranar da aka buga wasan ƙarshe na kaka, masoya ƙwallo na gaskiya sukan shiga jimamin kewa, ni kuwa ranar ce jajiberin sallata.

Rashin sa'ata ɗaya ce: kasuwar tana ci ne daidai da damina. Turawa na buɗe ta a watan Yuni, su rufe a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, wato daga shuka har gero ya yi buni. A tsakanin nan duk mai hankali a ƙasar Gwarzo da Kabo neman kuɗin taki yake, yana tsere da ciyawa, yana duban gabas ko hadari zai haɗo. Ni ma ina da 'yar gonar gado a hanyar Getso, kuma ina zuwa, kada a zalunce ni. Sai dai na san daidai inda sabis yake kamawa a gonar, can gindin wata ɗorawa, kuma nan ne kaɗai ciyawa ba ta fitowa. Ba noma ya hana ta ba, tsayuwa ce.

Wanda yake son ya ga cutar a tsaye sai ya tambayi mai shayinmu labarin ranar 30 ga Agusta, 2024, ranar da aka rufe kasuwar Ingila da ƙarfe 11 na dare. Victor Osimhen ya gama da Napoli, Napoli ta gama da shi, ana cewa ko Chelsea ko Al-Ahli ta Saudiyya. Wayata ta kusa mutuwa, na jona ta a shagon mai caji da wata guntuwar waya da ba ta kai kamu biyu ba, don haka na durƙusa a gefen benci, wuya a karkace, sauro na shagali a idon sawuna. Kowa ya watse. Mai shayi ya wanke kofunansa, ya kife tukunya, ya ɗaure ragowar burodi a leda, ya tsaya a kaina.

"Malam, in ba za a ƙara ba zan tashi."

"Dakata mutumina, a kan albashi ne kawai ba a daidaita ba."

"Naka ko nasa?"

Ba Chelsea, ba Saudiyya. Bayan 'yan kwanaki aka ba da aron Osimhen ga Galatasaray ta Turkiyya, wadda ta saye shi baki ɗaya a shekara ta gaba kan Yuro miliyan 75. Shi ya samu inda ake sonsa, ni na samu zazzaɓin cizon sauro.

A cikin cinikin ma ina da zaɓi. Na fi son ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare, wanda ba ƙungiyar da ke da iko da shi, sai inda ya ga dama. Na san tarihin abin fiye da yadda na san tarihin Sarakunan Kano. Wani ɗan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, kwantiraginsa ya ƙare a 1990, ƙungiyarsa ta Liège ta rage masa albashi kuma ta tsuga kuɗin da ya hana shi komawa Dunkerque ta Faransa. Ya kai ƙara, a Disambar 1995 kotun Tarayyar Turai ta ce wanda yarjejeniyarsa ta ƙare zai iya tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko sisi ba. Ta wannan ƙofa Messi ya tafi PSG a 2021, Mbappé ya tafi Real Madrid a 2024. Nakan ba da labarin nan a majalisa har da kwaikwayon muryar alƙali, alhali takardar ɗaukata aiki ban san a wace jaka take ba.

Ko a gida halin bai canza ba. Da Ahmed Musa ya rabu da Al-Nassr a 2020 ya zauna ba ƙungiya, na bi zancen kullum har ya dawo Kano Pillars a Afrilun 2021, ƙungiyar da ya ci wa ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Holan a 2010. Da ya sake dawowa a 2024 tare da Shehu Abdullahi, ni na kai wa majalisarmu albishir tun ba a tabbatar ba. Amma in tashi in shiga motar Kano, in sauka a Kabuga, in ƙarasa filin Sani Abacha in ga mutumin yana taka leda, wannan sai dai wani. An riga an sa hannu, nawa ya ƙare. Da Barau FC, ƙungiyar Sanata Barau Jibrin ɗan ƙasar Kabo, ta hau Firimiyar Najeriya a 2025, 'yan Kabo murnar samun ƙungiya suke yi, ni murnata sabuwar ƙungiya dole ta yi cefanen 'yan wasa. Rabi'u Ali kuwa, wanda ya shafe fiye da shekara goma yana yi wa Pillars, Sai Masu Gida, hidima bai gusa ba, kowa na yabon amanarsa, ni a ɓoye haushinsa nake ji. Mutum ya zauna wuri ɗaya haka, me za a tattauna a kansa?

Da abin ya tsaya nan da sauƙi, domin irina suna da yawa daga Kutama har Garo. Abin da ban taɓa faɗa da babbar murya ba shi ne, na zarce zuwa kasuwar wasan da ban taɓa kallo daga farko zuwa ƙarshe ba: hoki na kan ƙanƙara, wanda ake yi a Kanada da Amurka. Mutum shida-shida ne, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Na gwada kallon guntun bidiyo, ban ga faifan ba sai da aka fara murna. Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake sarawa a kasa da azumi. Amma wani yammaci da kasuwar Turai ta yi sanyi, wayata ta cillo mini jerin sunayen mutanen da suka canza ƙungiya a yini ɗaya, jerin da sai da babban yatsana ya gaji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura.

Gasar tasu, NHL, ƙungiyoyi 32 ne, 25 a Amurka, 7 a Kanada. A al'ada ranar 1 ga Yuli da tsakar ranarsu ake sakin 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, wanda ya yi daidai da ƙarfe 5 na yamma a nan, bayan la'asar, lokacin da ya kamata a ce ina gona. A sa'o'i kaɗan sai a rattaba hannu a kan ɗaruruwan miliyoyin daloli. Abin da ya ƙara kama ni, yanzu ba a sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi a can, musaya ake yi. A ba ka mutum ka ba da mutum, ko ka ba da damarka ta zaɓen matashi a shekara mai zuwa, wato a musanya magidanci mai 'ya'ya da yaron da ko sakandare bai gama ba, wanda ba a ma san ko wane ne ba tukuna. In ba ɗan wasa ya sa sharaɗi a kwantiraginsa ba, ba a neman yardarsa. Waya kawai za a yi masa ya haɗa kaya.

Sannan akwai ƙa'idar rufin albashi. Bayan rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya cinye kakar 2004 zuwa 2005 ɗungurungum, aka yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe, dala miliyan 39 a farko, ya kai miliyan 95.5 a kakar 2025 zuwa 2026. Mai kuɗi da marar kuɗi duk rufi ɗaya ne, don haka in kana son babban ɗan wasa sai ka rabu da wani. A nan na samu aikin dare. Da Mitch Marner ya bar Toronto ya koma Vegas a daminar 2025, kan dala miliyan 96 a shekara takwas, na cika bayan tsohuwar takardar jarrabawa da lissafin yadda Vegas za ta cusa miliyan 12 a shekara ƙarƙashin rufinta. Lissafin ya fita daidai. Na kuɗin cefanen gidana kuwa bai taɓa kaiwa 20 ga wata ba.

Na yi ƙoƙarin samun abokin hira. Na ba majalisa labarin Wayne Gretzky, gwanin gwanayen wasan, wanda Edmonton ta miƙa wa Los Angeles ranar 9 ga Agusta, 1988, tun ana haɗawa da kuɗi, har da dala miliyan 15, abin ya girgiza Kanada har wani ɗan majalisa ya nemi gwamnati ta hana. Na ba su na Kris Draper, wanda Winnipeg ta sallama wa Detroit a 1993 kan dala ɗaya tak, ya je ya ɗauki kofin Stanley sau huɗu. Da na ga idanu sun fara komawa kan waya, sai na jawo hujjar ƙarshe, na ce ai wasan ma namu ne, domin Rumun Ndur, ɗan Najeriya na farko da ya buga gasar, a Zariya aka haife shi a 1975 kafin a tafi da shi Kanada. Kawuna, wanda ya shekara da shekaru yana dillancin shanu a karar Getso, ya saurara har na kai aya.

"To ɗan nan, a duk cinikin nan, kai nawa ake ba ka?"

"Ba a ba ni komai, Kawu."

"Mai saye ya san ka?"

"A'a."

"Mai sayarwa fa?"

Na yi shiru. Ya ce shi tun yana yaro yake ganin masu shiga sharo ba shanu, amma bai taɓa ganin dillalin da ke sayen data da kuɗinsa don ya shiga cinikin da ba a gayyace shi ba.

Abin dariyar, a gaban ɗan kasuwa na gaske ba ni da kataɓus. Ni da ke zagin shugabannin Manchester United don sun biya Fam miliyan 80 a kan Harry Maguire a 2019, in mai taki ya faɗi kuɗin buhu sai in ce Allah ya sa albarka in zura hannu a aljihu. Kunyar tayi nake ji. Ragon da na kai kasuwa, tayin farko na sallama, har mai sayen ya dube ni ya sake duba haƙoran ragon ko akwai abin da nake ɓoyewa. Tun daga nan uwargida ta ɗauke mini wahalar sayayya, ƙanenta take aika.

Na san abin da nake samu a ciki, ba sai an kai ni wurin malami ba. Lokacin ciniki ba a cin kowa. Daga Yuni zuwa Agusta kowace ƙungiya zakara ce, kowane sabon ɗan wasa shi ne maganin matsalar bara, ba wanda ya ɓarar da fanareti tukuna. Da an fara wasa gaskiya za ta yi halinta, ni kuma ba na son ranar. Sannan akwai daɗin kashe kuɗin wani. Malamin makarantar da ke jiran alat ɗin ƙarshen wata, ya hau babur daga Gwarzo zuwa Kabo yana auna man da ya rage a tanki, in ya buɗe waya sai ya zama mai cewa miliyan sittin ta yi yawa, a ba su hamsin da biyar ko su riƙe kayansu. Ba asara, ba bashi, ba mai sallama da sassafe.

Na gwada magani. Na goge manhajojin, na ba uwargida wayar ajiya daga magariba zuwa safe. Sai ga ni a shagon aski ina leƙen wayar yaron da ban sani ba, ina tambayarsa ko an yi gwajin lafiyar. Kuma kasuwar ba ta mutuwa: Turai na sake buɗewa a Janairu, masu ƙanƙara na da ranar rufe musaya wajen Maris, daga nan sai jita-jitar damina ta kankama.

Da wayar ta dawo hannuna, na zauna ina yi wa uwargida bayani ko ta fahimce ni, har na sake ba ta labarin mutumin dala ɗaya, don ta san ba a raina abu mai araha. Tana tsintar shinkafa ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, shi dai na dala ɗayan ya kawo kofi gida."