Yawon Arba'in, Ban da Ƙofa Ɗaya

A ƙasan akwatina, tsakanin wani turmin atamfa da tsohon katin awona, akwai 'yar takarda da ta yi laushi don yawan ninki. Gabanta rubutun malamar asibiti ne, layi biyu kacal, na gwajin suga da aka ce in koma in yi bayan na haihu da mako shida. Bayanta kuwa rubutuna ne, tsaf da jan biron da nake duba jarrabawa: gidan Gwaggo, sabulu uku, gidan Kawu, dubu biyu da man shafawa, gidan Yaya Babba, riga da hula. Gida ashirin da uku na lissafa. Takardar dai ta yi aiki, sai dai ba wanda aka ba ni ita dominsa ba.

Ni malamar makaranta ce, kuma a layinmu nan Jahun ni ce uwar iyayi a kan maganar asibiti. Da na ga mace ta fara tofar da yawu zan tare ta a bakin famfo, "Kin fara awo kuwa?" Amare uku na raka da ƙafata aka buɗe musu kati. Laifi tudu ne, na daɗe a kan nawa ina hango na mutane.

A cikina na huɗu aka gano ina da sugan ciki. Ina wata shida, wato tsakanin mako 24 da 28 da ake yin gwajin, aka sa na zo da sassafe ban ci komai ba. Aka ɗebi jini, aka miƙo mini kofin ruwa da aka narka gulukos giram 75 a ciki, aka ce in shanye cikin minti biyar. Ni da nake zuba cokali huɗu a shayi, sai ga ni ina yamutsa fuska wai zaƙin ya yi yawa. Aka sake ɗiba bayan awa ɗaya, aka kuma bayan awa biyu. Da sakamako ya fito, malamar ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Mabiyiya ce, in ji ta, take fitar da wasu sinadarai da ke dakushe aikin insulin, shi kuwa insulin shi ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka. Yawancin mata jikinsu kan ƙara yawan insulin ɗin ya cike giɓin. Nawa ya gaza.

A lokacin kam na yi biyayya har ni kaina na yi mamaki. Da aka ce yaro zai iya wuce kilo 4, kafaɗarsa ta maƙale wajen fitowa ko a kai ga tiyata, sai na raba malmalar tuwon shinkafata biyu. Na rabu da rake. Dabinon Dutse da maigida yake riƙo mini tsaraba, yara na riƙa ba wa ina kawar da kai. Wata uku cur ban yi maguɗi ba. Ashe don ɗan cikin nake yi, ban san haka ba sai da ya fito.

Ranar sallama malamar ta riƙe hannuna. "Maman yara, ki ji da kyau. Mabiyiya ta fita, sugan ya sauka, amma ba a ce ya tafi ke nan ba. Daga mako huɗu zuwa sha biyu ki dawo a sake ba ki ruwan nan. Ko an ga lafiya lau, ki riƙa dubawa duk shekara, in ya yi nisa shekara uku." Na ce in sha Allahu, da irin muryar da ɗalibaina ke cewa sun gane darasi.

Sai jego ya kama. Inna ta zo da kayanta, wanka safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji, ga shayi mai kauri wanda cokali ya kusa tsayawa a cikinsa. Na ɗan yi mata maganar takardar. Ta ce, "Ciwon da ya zo da ciki ai ya bi cikin. Ki daina jawo wa kanki da baki, mai jego ba ta zama da yunwa." Na san ba haka ba ne. Amma ban taɓa jin fatawar da ta kwanta mini kamar wannan ba, na karɓe ta hannu biyu.

Kada a ce jahilci ne, don na karanta. Cikin dare ina ba da nono ina latsa waya, na ga cewa kusan rabin matan da suka yi sugan ciki sukan kamu da ciwon suga na dindindin daga baya. Na ga wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta Ingila ta buga a 2020, wanda ya tattara bincike da dama ya nuna haɗarinmu ya kusa ninka na sauran mata sau goma. Na kashe wayar na gyara wa yaro kwanciya. An ce rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa a duhun nake samun barci.

Asalin abin tsoro ne, kuma na san inda na samo shi. Ƙanwar mahaifina ta yi ciwon suga. Ina budurwa nake wanke mata wani gyambo a tafin ƙafa, wanda ƙaya ce kawai ta soke ta a gona, ba ta ma ji ba, don ƙafar ta daɗe da daina jin zafi. Ina tuna warin, ina tuna yadda take laluben kofi a gabanta ido ya yi hazo. Shekaru ciwon ya yi yana cin jijiyoyinta da idonta da ƙodarta shiru, kafin kowa ya san sunansa. Mai hankali da ya ga wannan sai ya ruga a duba shi da wuri. Ni hankalina sai ya ba ni cewa muddin ba a rubuta a takarda ba, to ba ni da shi.

Uzuri kuwa ban taɓa rasa ba. Na farko, wai ba zan iya kwana awa takwas ban ci ba ina shayarwa, ni da nake kai azumin watan Ramadan a zafin Jigawa ba tare da na yi ƙorafi ba. Na biyu, ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na jiharmu. Bala'i ne na gaske, mutane sun rasa komai, kuma ina jin kunyar yadda na ɓuya a bayansa, don hanyar gidana zuwa asibiti ko tsantsi ba ta yi ba. Ruwan bai hana ni yawon arba'in ba. Har Aujara na je goye da yaro, na dawo da sabulu biyu da kwalin madara.

Abin da ya fi ba ni dariya, kwana arba'in da mako shida kusan abu ɗaya ne. A wannan makon na kai yaron riga-kafi, na sake kai shi a mako na 10 da na 14, na kai shi na ƙyanda yana wata tara. Sau huɗu ina wuce ƙofar ɗakin gwajin jini, kowane karo sai in sa baki a hirar wata, ko in tsaya gyara goyon da ba abin da ya same shi. Garinmu fa sunansa ya yi nisa a kan haihuwa. Tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF suke aiki a Babban Asibitin Jahun, ana karɓar haihuwa mai wuya, ana ɗinke masu yoyon fitsari. Mata na tasowa daga ƙauyukan Miga da Kafin Hausa, har da wasu jihohi, wata a kan babur tana naƙuda. Ni da nake jin kiran sallar unguwar asibiti daga ɗakina, awa biyu ta gagare ni.

Wata rana da zuciyata ta dame ni sai na biya kemis aka soki yatsana, na'ura ta nuna lamba mai kyau, na dawo ina shelar na warke. Daga baya na gane na yaudari kaina ne. Mata da yawa in an auna su haka siddan ko da safe kafin karin kumallo ba a ganin komai, sai an ɗora wa jikin nauyin ruwan gulukos ɗin nan, a jira awa biyu, sannan gazawar ke bayyana. Shi ya sa aka nace a kansa.

Yaro na da wata goma sha ɗaya na yi niyyar gaske. Na kwana ban ci ba, na yi wanka, na sa mayafi. Sai na ce bari in ɗanɗana kokon yara in ji ko ya huce. Mai gwajin ya dube ni, "Hajiya, kin ci wani abu yau?" Na ce a'a. Ya yi shiru yana kallon gefen bakina. Na ce ɗanɗanawa kawai na yi. "Ludayi nawa?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce in dawo gobe. Goben nan sai da ta yi wata biyar.

A ƙarshe maigida ne ya gaji. Ya kulle kicin da daddare ya sa makullin a aljihu, da asuba ya ɗora ni a babur, ya zauna a benci kusa da ni har awa biyun ta cika, kamar mai gadin fursuna. Jinin safe ya nuna 104, na bayan awa biyu 158. Likitan ya ce ba a kiran sa ciwon suga sai na farko ya kai 126 ko na biyu ya kai 200, amma mai cikakkiyar lafiya nasa ba ya kai 100 da 140. "Kina bakin gaɓa, Malama, ba ki faɗa ba." Duk wanda ya girma kusa da kogin Haɗeja ya san yadda gaɓa ke zaizayewa a ƙarƙashin mai tsaye. Ya ce daga nan ana iya ja da baya: tafiyar rabin awa kwana biyar a mako, rage ƙiba, rage shinkafa da kayan zaƙi. Ya ba ni labarin wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002, inda masu irin matsayina da suka yi hakan haɗarinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ya ce shayarwar da na yi ma ta taimaka, kuma kada in sake ɗaukar ciki ban zo an duba ba. Na fito ina kuka ina dariya, don abin da na yi wata goma sha shida ina gudu bai fi zaman benci ba.

Na rage shayin zuwa cokali ɗaya. Makaranta da ƙafa nake zuwa, sai ranar da na makara. Likitan ya rubuta mini sabuwar takarda ta shekara mai zuwa, ni ma na ci gaba da tare mata a bakin famfo, har da ƙarin darasi a kan sugan ciki. Ranar da ke jikin sabuwar takardar ta wuce da mako uku. Jiya na ɗauko ta da niyyar in nuna wa maigida, sai na tarar tuni na fara rubuta zubin adashinmu a bayanta, har mun kai kwasa ta biyu.